Gatarin Mahaifina

A Sabon Zongo, nan Ankara ta ƙasar Gana, masu faskare sun kusa ƙarewa. Muna yara, kowace safiya za ka ji sara a ƙofar masu waken shinkafa da masu koko da ƙosai. Yanzu sai ka zaga unguwa duka ba ka ga mutum biyu da gatari a kafaɗa ba.

Ni ina da nawa, gado ne. Mahaifina ya zo daga Bawku neman aiki, yana gadi da dare, yana faskare da rana. Wani maƙeri ya ƙera masa gatarin da sifirin tsohuwar babbar mota, irin ƙarfen da ba a rasa shi a Abossey Okai, maƙwabtanmu. Sau huɗu na sake masa ƙota, amma ruwan gatarin shi ne na fari, sai dai washi ya cinye kusan yatsa biyu na bakinsa. Da wannan ƙarfe aka biya kuɗin makarantata ta mishan.

Faskare ba ƙarfi ba ne kaɗai. Kafin ka ɗaga hannu, sai ka juya gungumen ka duba inda ya fara tsagewa, ka bi nan. Ka guji gaɓa, gama a wurin ne baki yake karyewa. Ka ware ƙafafu domin in sara ya kuskure ya sauka a ƙasa. Ka bar nauyin ƙarfen ya yi aikin. Da yamma ake wasa shi a dutse da ɗan ruwa, gama ba a fafe gora ranar tafiya. In ƙota ta yi sako-sako, a gyara ta nan take. Mun san labarin zamanin Elisha, yadda ruwan gatari ya fice ya faɗa Kogin Urdun, mai saran ya yi kuka domin na aro ne. Nawa ma yawon aro yake yi, daga gidan biki zuwa gidan makoki, na Kirista da na Musulmi.

Yawancin itacen da nake faskarawa darbejiya ce daga filayen bayan gari. In ka sare mata reshe ka bar gindin, kafin damina biyu ta sake tohowa. Mai gatari yakan gaji, gajiyar kuma ita ke tsai da shi. Zarto mai inji ba ya gajiya. Tun 1998 gwamnati ta hana yanka katako da shi don sayarwa, duk da haka daji yana ta ja da baya, buhunan gawayi kuma sai daga nesa, wajen Kintampo.

Ban ce a koma jiya ba. Na ga abin da hayaƙi ya yi wa idanun mahaifiyata, kuma tun da muka sayi tukunyar gas matata ta huta da tari. Amma ran da gas ya yanke, ko kuɗinsa ya fi ƙarfin aljihu, murhu muke komawa. Ran Kirsimeti ma, tukunyar da za ta ciyar da dukan ikilisiya ba ta hawa kan komai sai duwatsu uku.

Abin da ke damuna shi ne ɗana na fari. Shekarunsa 16, yana so ya zama makanike, na kuwa sa masa albarka. Sharaɗi ɗaya na kafa masa: kowace Asabar ya faskara gungume uku a gabana. Yana gunaguni, amma ya fara gane gaɓa da ido.

'Yan'uwa, wanda yake da tsohon gatari ko adda a bayan ɗaki, kada ya sayar wa masu tsohon ƙarfe. Ya goge tsatsar, ya sa ƙota, ya kira yaro guda ya nuna masa yadda ake riƙewa.