Hanya da masu gona

Babbar hanyar kwalta da ake kira hanya lamba 1 ta ratsa Arewa. Daga Yamai ta biyo Doso, ta wuce Kore Mairuwa cikin gundumar Tibiri, ta shiga Dogondutsi. Daga nan ta miƙe gabas zuwa Birnin Ƙonni, Maraɗi, Damagaram da Diffa, har Gigimi. Tsakanin Yamai da Dogondutsi akwai kusan kilomita 270. Mota tana cinye su cikin rabin yini. Ta wannan hanya ake fitar da wake da dankali zuwa kasuwannin birni. Ta nan ne kuma ake gaggauta kai marar lafiya asibiti.

Duk wanda ya ga wannan amfani zai ce ba mai ƙin hanya. Amma a da, mutanen Arewa da yawa sun ƙi ta, har waɗansu suka bar gidajensu saboda ita. Suna da dalilinsu.

A watan Afrilu na 1899 sojojin Faransa suka yi yaƙi da Sarauniya a Lugu. A 1906 Nasara suka kafa bariki a Dogondutsi. Suna bukatar hanya tsakanin Yamai da Damagaram, domin sojojinsu da wasiƙunsu da kuɗin haraji su riƙa wucewa. Damagaram ce babban birni har 1926, sannan aka mai da shi Yamai. Arewa tana tsakanin biranen biyu, saboda haka dole hanya ta bi ta cikinta.

A lokacin babu katafila. Da hannu aka yi hanyar. Kwamanda ya kan aika gardi wurin sarki, ya faɗi yawan mutanen da yake so. Sarki ya raba wa masu gari, masu gari su shiga gida gida. Ana kiran wannan aikin dole. Maza su sare itatuwa, su tone kututture, su fasa marmara, su ɗauko ta a kai cikin kwanduna. Mata su kawo ruwa da abinci. Aikin prestation ɗin ba a biyan ladarsa. In damina ta wuce, ruwa ya cinye hanya, sai a sake tara mutane don gyara. Wanda ya ƙi zuwa, kwamanda yana da ikon ɗaure shi har kwana 15 ba tare da shari'a ba.

Ba wanda ya tambayi manomi ko ya yarda hanya ta bi ta gonarsa. Ba wanda ya tambaye shi wa zai nome masa hatsi in yana wurin aiki. Talakawa ba su da bindiga, ba su da kotun da za su kai ƙara. Sai suka nuna ƙinsu da ƙafa. Samari su kwana daji in sun ji labarin gardi yana tafe. Waɗansu magidanta suka kwashe iyalinsu suka yi tunga nesa da hanya. Waɗansu suka ƙetare iyaka zuwa ƙasar Ingilishi, wato Najeriya, inda suke da dangi wajen Kabi da Sakkwato. Iyakar ba ta da nisa, tafiyar dare ɗaya ta isa.

Akwai kuma wata hasara wadda Nasara ba su gani ba. A wurin Azna da ƴan bori, daji ba kango ba ne. Wata tsamiya gidan iska ce, wani dutse wurin tsafin kakanni ne. Mai zanen hanya yana son layi miƙaƙƙe, abin da ya tare shi sai a sare. Wata mai bincike, Adeline Masquelier, ta zauna Dogondutsi tana sauraren tsofaffi, ta buga abin da ta ji a 2002. Sun ba ta labarin wahalar aikin dole. Sun kuma ce iskokin da aka raba da mazauninsu sun koma bisa hanya, su ne ke kifar da motoci. Ko mutum ya yarda da wannan ko bai yarda ba, labarin yana nuna abu guda: an taɓa abin da mutane ke girmamawa ba da shawararsu ba, kuma ba su manta ba.

An soke aikin dole ran 11 ga Afrilu 1946. Wani ɗan majalisa daga ƙasar Kodebuwa, Hufuwet Bwanyi, shi ya kai dokar gaban majalisar Faransa. Bayan samun ƴancin kai a 1960 aka shimfiɗa kwalta, ma'aikata kuma ana biyan su. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. In tsoho ya ga baƙi suna awo a gona, suna kafa turaku masu jan fenti, gabansa ya kan faɗi.

Tsoron nan ba na tsohon labari kaɗai ba ne, domin hanya tana cin ƙasa. Ga lissafi. A ce an ware faɗin mita 30 don sabuwar hanya. Cikin kilomita 1 akwai mita 1000. Mita 30 sau 1000 sun ba da murabba'in mita 30000, wato hekta 3. In tsawon hanyar kilomita 20 ne, ta cinye hekta 60. A fadamar Mawri mutane sun yi yawa, gonaki sun ƙanƙance da rabon gado. Mai hekta 2 in aka yanke masa rabi, rumbunsa ba zai kai shi bazara ba. Makiyayi yana tunanin burtalin da za a datse. Uwa tana tunanin ɗanta da zai ƙetare kwalta kullum zuwa lakwal.

Ba a Nijar kaɗai mutane ke tsayawa gaban sabuwar hanya ba. A ƙasar Bolibiya, can Amurka ta Kudu, gwamnati ta so ta ratsa wani babban kurmi da hanya, inda ƴan asalin ƙasar ke zaune. A watan Agusta na 2011 suka taso da ƙafa, maza da mata da yara, suka nufi birnin La Paz. Suka yi tafiyar kusan kilomita 600 cikin wata biyu. Shugaban ƙasa na lokacin, Evo Morales, ya sa hannu a dokar da ta hana aikin. A 2017 aka soke wannan doka, gardama ta sake tashi. Babban kukansu shi ne an yanke shawara kan ƙasarsu ba a tambaye su ba.

Manomin Arewa na yau yana da abin da kakansa bai samu ba. Dokar 24 ga Nuwamba 1961, wadda aka gyara a 2008, ta ce hukuma tana iya karɓar fili don amfanin jama'a. Amma sai an yi bincike an saurari mutane, an kuma biya diyya daidai kafin a karɓa. Tsarin dokokin karkara na 1993 ya yarda da gonar gado, ya kafa kwamitocin kula da filaye, waɗanda ake kira Kofo. Can ne manomi ke samun takardar shaidar gonarsa.

Doka a rubuce take. In ba wanda ya iya karanta ta cikin gari, amfaninta kaɗan ne. Nan ne ɗan lakwal ke da aiki. Shi zai karanta wa babansa sanarwar da aka manna a ofishin magajin gari. Shi zai taya auna gona, ya ƙidaya gawo da mangwaron da ke ciki, ya duba ko an rubuta sunan mai ita daidai. In an kira taro, ya rubuta abin da dattawa suka roƙa: a kauce wa maƙabarta, a bar rijiya, a yi mashigar dabbobi, a sa abin rage gudu gaban lakwal.

Injiniya ya san awo da kwalta. Amma mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zubo masa. Mutanen gari sun san inda gulbi ke bi da damina, da inda aka rufe kakanninsu. In aka zauna da su tun kafin a kafa turke na farko, hanya za ta fi ƙarko, su kuma za su kula da ita kamar tasu.

Tambayoyi

1. Me ya sa waɗansu mutanen Arewa suka ƙaura zuwa ƙasar Ingilishi?
2. A wace shekara aka soke aikin dole?
3. Hanya mai faɗin mita 20 da tsawon kilomita 5, hekta nawa za ta ci?
4. Ku tambayi wani tsoho ko wata tsohuwa a unguwarku labarin yin hanya, ku rubuta shi cikin layi goma.