Bindigar tsohon soja: a harba ta ko a ajiye ta?

Ƴan uwa manoma da makiyaya, ga labarin wani magidanci na wani ƙauye kudu da Tasawa, cikin jihar Maradi. Gado ne ya ɗaure masa kai, gadon kuwa bindiga ce.

Ubansa tsohon soja ne. Ya yi wa Faransa yaƙin duniya na biyu, wanda ya ƙare a 1945. Da ya komo gida ya tara kuɗinsa, a 1951 ya aika Faransa aka kawo masa bindigar farauta mai baki biyu. A zamanin Nasara ba kowa ke samun izinin riƙe irin wannan bindiga ba. Yawanci sai sarakuna da ma'aikata da tsofaffin sojoji. Don haka ranar da ta iso, gari duka ya zo kallo.

Amma tsohon bai taɓa harba ta ba, ko sau ɗaya. In an tambaye shi dalili, sai ya ce ya ji ƙarar bindiga a wurin yaƙi, ta ishe shi har mutuwa. Kowace shekara, kafin ruwan farko, yakan fiddo ta. Ya shafa mata man keken ɗinki, ya naɗe ta cikin tsohon bargonsa na soja, ya mai da ta akwati. Da ya rasu, babban ɗansa ya ci gaba da yin haka. Yau shi ma ya yi furfura.

Bara damina ba ta yi kyau ba. Hatsi ya kusa ƙarewa a rumbu tun ba a yi shuka ba. Sai magana biyu ta taso cikin gida.

Ɗansa saurayi ya je kasuwa ya sayo harsashi biyar. Ya ce: «Baba, bindiga tana kwance muna cin tuwo babu nama. Ga zabbi da zomaye a daji. Ga kuma ɓarayin shanu. Mene ne amfanin ƙarfen da ba ya aiki?»

Ana cikin haka wani ɗan kasuwa ya ji labari, ya zo da kansa. Ya duba bindigar, ya taya ta jika ɗari da hamsin, kuɗi hannu. Ya ce ba ya bukatar wata takarda.

Maigida ya kasa barci. Jika ɗari da hamsin hatsi ne mai yawa. Amma yana shakka. In ta fi haka daraja fa? In aka harba ta, darajar nan za ta ragu? Kuma bindigar ba tasa ce shi kaɗai ba. Yana da ƙane da ƙanwa, ba a taɓa raba wannan gado ba.

Ranar kasuwa ya tafi Tasawa wurin wani dattijo, tsohon ma'aikacin gandun daji, wanda ya san bindigogi, ya kuma iya karanta Faransanci. Ya roƙe shi ya zo gida ya gani. Dattijo ya zo. Ya cire katakon da ke ƙarƙashin bakin bindigar, ya raba ta uku, ya ce a kawo ta wurin haske. Ya ce: «Maigida, kada ka tambayi ɗan kasuwa ko wace ce ita. Tarihinta yana rubuce a jikinta.»

Sunanta Robust. Kamfanin Manufrance ne ya ƙera ta, a garin Sant-Etiyan na Faransa. An kafa kamfanin a 1885, ya fara ƙera wannan iri a 1913, ya rufe a 1985. Shi ne kuma ya ƙera Simplex mai baki ɗaya, wadda maharba da yawa suka sani a ƙasashen nan.

Dattijo ya nuna wani ɗan hatimi a ƙarƙashin ƙarfen. Ya ce wannan hatimin gidan gwajin bindigogi ne na Sant-Etiyan, wanda ke aiki tun 1782. Kafin a sayar da bindiga, can ake ɗura mata harsashi mai ƙarfin gaske a harba. In ba ta fashe ba, a buga mata hatimi. Ke nan an taɓa harba wannan bindiga, tun kafin ta hau jirgin ruwa. Abin da ba ta yi ba shi ne aiki. Cikin bakinta yana ƙyalli kamar madubi, baƙin jikinta bai goge ba, katako bai tsage ba.

Sai maganar kuɗi. Dattijo ya ce tsufa kaɗai ba ya sa bindiga tsada. Masu tara tsofaffin bindigogi abu uku suke dubawa. Na ɗaya, ko irinta tana da wuyar samu. Na biyu, ko tana nan yadda ta fito daga maƙera. Na uku, ko akwai takardunta. A na ɗaya ba ta ci ba, don an ƙera Robust dubu ɗaruruwa, ita ce bindigar talakawan Faransa. A na biyu ta ci sosai. A na uku ma ta ci, don cikin akwatin akwai takardar saye ta 1951 da izinin kwamanda mai sunan tsohon. Ya ce: «Darajarta duka tana cikin sabuntarta da takardunta. Ranar da yaro ya shiga daji da ita, ƙaya ta karce ta, hayaƙi ya zauna cikin bakinta, ta zama kamar sauran. Wannan ba ya gyaruwa.»

Daga nan ya ce a kawo harsashin da saurayi ya sayo. Ya karanta abin da ke jikinsa: 12 da 70. Ya koma ga bindigar, ya nuna wata lamba kusa da hatimi: 65. Ya yi shiru, sannan ya yi bayani. Lambar 12 faɗin baki ce, ta yi daidai. Amma 65 da 70 tsawo ne, da milimita. Ramin da harsashi ke zama cikin wannan bindiga milimita 65 ne. Harsashin kuwa an yi shi don rami mai milimita 70. Kafin a harba, bakinsa a naɗe yake, don haka yana shiga lafiya, bindiga ta rufe kamar babu komi. In aka harba sai bakin ya buɗe, ya rasa wurin da zai miƙe. Ƙarfin albarushi ya matsu, ya wuce abin da aka gwada ta da shi. Hakan na iya kumbura ƙarfen ko ya sassauta ta. In tsautsayi ya zo, hannun hagu da ke riƙe da ita shi ke fara biya.

Saurayi ya dubi hannunsa, bai ce komi ba.

Saura ɗan kasuwa. Dattijo ya ce: «Mutumin da ya ce ba ya son takarda, ba tarihinta ya zo saye ba.» Kowa ya san halin da ƙauyukan bakin iyaka suka shiga a Madarumfa da Gidan Rumji saboda ƴan bindiga, musamman daga 2019. Bindiga tana da lamba. In ta bar gida a ɓoye, aka yi ɓarna da ita, lambar nan gidan nan za ta komo da jandarma. Sayar da bindiga babu sanin hukuma laifi ne. Izinin uba kuma ba ya zama izinin ɗa. Farauta ma tana da dokarta, wadda aka kafa a 1998: sai da izini, sai cikin lokacin da aka buɗe.

Da dare maigida ya tara ƙanensa da ƙanwarsa, ya gaya musu duk abin da ya ji. Ƙanen ya ce a sayar, kuɗi sun fi ƙarfe amfani. Ƙanwar ta ce: «Yaya, shekara arba'in Baba yana shafa mata mai, bai sayar ba ko a yunwar 1973 da ta 1984. Mu ma mu ɗan jure.» Suka daɗe suna magana.

A ƙarshe suka shirya. Ba za a harba ta ba. Ba za a ba ɗan kasuwan nan ba. Maigida zai kai takardun wurin hukuma, ya nemi a mai da izini da sunansa. In wata rana dole ta sa a sayar, za a sayar a fili, ga mai izini, a raba kuɗin yadda shari'a ta ce. Aka rubuta haka a takarda, su uku suka sa hannu gaban liman. Don hatsi kuwa, aka kai awaki biyu da tunkiya kasuwa. Sun yi zafin rabuwa, amma akuya tana haihuwa.

Har yanzu saurayi bai gamsu duka ba. Yana cewa kayan aiki don aiki aka yi shi. Maganarsa ba ta rasa gaskiya ba. Amma ya mai da harsashin nan biyar.

To jama'a, duk mai tsohuwar bindiga ta gado a ɗaka, kada ya yi gaggawa. Ya nemi wanda ya sani ya karanta masa lambobin da ke jikinta. Ya tabbata harsashi ya yi daidai da ita. Ya gyara takardunsa wurin hukuma. Ya shawarci ƴan uwansa magada. Bayan haka ne zai san ko ta harbi ce ko ta ajiya.

Bana ma, kafin ruwan farko, maigida ya fiddo ta ya shafa mata mai. Wannan karo ɗansa ne ya riƙe masa bargon. Allah ya kawo damina mai albarka.