Rawanin Rana da Idon da Aka Kai Sama

Kowace mai girki ta san cewa in mutum ya ja baya daga murhu, zafi raguwa yake yi. Rana ta saɓa wa wannan ƙa'ida. Zafin fuskarta da muke gani kusan digiri 5,500 ne, amma siririyar iskar da ta kewaye ta, wadda ta fi nisa da tushen wutar, ta haura digiri miliyan ɗaya. Wannan iska ita ce farin rawanin da mutanen Maraɗi suka gani da idonsu ranar 29 ga Maris 2006, lokacin da wata ya rufe rana ruf da hantsi.

Bengt Edlén, masani ɗan ƙasar Suwidin, shi ya tabbatar da wannan zafi a farkon shekarun 1940. Ya nuna cewa wani koren haske da ake gani cikin rawanin daga ƙarfe yake fitowa, ƙarfen da zafi ya raba kowace ƙwayar zarrarsa da ilektaron 13. Iska mai irin wannan zafi, mafi yawan haskenta ultrabiyole ne mai tsanani, wanda ido ba ya gani, kuma iskar da ta lulluɓe duniya tana shanye shi tun daga can sama. Wannan rahama ce, domin da ya iso ƙasa da ya halaka mai rai. Sai dai garkuwar da ta tsare mu ita ce kuma ta tsare mana gani.

Don haka aka kai ido bisa garkuwar. A Disamba 1995 hukumomin sararin samaniya na Turai da Amurka suka harba kumbon SOHO, aka ajiye shi kilomita miliyan ɗaya da rabi daga duniya, inda dare ba ya katse masa kallo. Cikin na'urorinsa akwai EIT, wadda masana na Orsay a Faransa suka jagoranci ƙera ta. A 2010 kumbon SDO ya biyo baya, da na'urar da ke ɗaukar hoto kowane daƙiƙa 12. Hotunan sun nuna rawanin cike da baka-baka na iska mai ƙuna, suna bin layukan maganaɗisu, suna murɗewa, wani sa'in su fashe. A nan masana ke neman tushen zafin: ko dai igiyoyin maganaɗisu da ke tasowa daga ƙasa, ko ƙananan fashe-fashe marasa adadi.

Lamarin ya wuce sha'awar sani. A Maris 1989 guguwar da rana ta turo ta kashe wutar lantarkin lardin Kebek na Kanada awa tara. Yau jiragen sama da taurarin sadarwa suna dogara ga gargaɗin masu kallon rawanin nan. Malamin da ke koya wa ɗalibai cewa rana na ba da haske da zafi ya faɗi gaskiya. Ya dace ya ƙara musu cewa tana da wani haske da ba ya iso mu, kuma a cikinsa ake karanta halinta.