Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara



Mu Hausawan Sudan ne. Kakanninmu sun baro ƙasar Hausa da niyyar aikin Hajji, tafiya ta tsaya musu a bakin kogin Nilu, suka zauna har suka haifi iyayenmu. Shekaru masu yawa muka yi a unguwar Alsahafa da ke kudancin Khartum, kusa da Babbar Kasuwa da tashar manyan motoci. Ba nisa da mu akwai Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa, wadda ɗalibai daga Kano da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram suka daɗe suna zuwa karatu. Duk ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, sai wasunsu su biyo mu gida, don sun ji labarin akwai inda ake tuƙa tuwo da miyar kuka. A bakin wannan akushi muka fara fahimtar cewa jami'a ma tana da ciki kamar mutum, kuma dole a san mai ciyar da ita.

Asalin wannan makaranta Cibiyar Musulunci ta Afirka ce, wadda ta fara aiki a 1977. Ƙasashen Larabawa, irin su Saudiyya da Kuwaiti da Katar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, su ne suka haɗa hannu da Sudan wajen ɗaukar nauyinta. Da Iraƙi ta mamaye Kuwaiti a 1990, ƙasashen yankin Gulf suka ga gwamnatin Khartum ta karkata wajen Iraƙi, sai suka janye hannunsu. Yaron da ya baro Maraɗi neman ilimi bai san hawa ba bai san sauka ba, amma rigimar manya ta taɓa akushinsa. A 1992 gwamnatin Sudan ta mayar da cibiyar cikakkiyar jami'a. Mun yi murna, domin ba a rufe ƙofa ba. Sai dai tun daga ranar muka gane gaskiyar magabata: zanen aro ba ya rufe katara.

A daidai wannan lokaci gwamnatin Umar al-Bashir ta ƙaddamar da abin da ta kira juyin juya halin ilimi mai zurfi. Kafin 1990 jami'o'in gwamnati a Sudan ba su kai goma ba. Kafin shekara goma ta cika sun haura ashirin, kusan kowace jiha da tata. An ninka yawan ɗaliban da ake ɗauka, an kuma mayar da karatu cikin Larabci. Ba za mu ɓoye alherin da ke ciki ba. 'Ya'yan talakawa irinmu, waɗanda a da suke hangen Jami'ar Khartum daga bakin titi kawai, sun sami ƙofar shiga. 'Yan matan unguwarmu da yawa sun zama malamai da likitoci ta wannan hanya.

Amma kuɗin bai bi yawan mutane ba. A da, ɗalibin jami'ar gwamnati yana samun ɗaki da abinci kyauta. Aka soke wannan, aka miƙa lamarin masauki ga wani asusun kula da ɗalibai na ƙasa da aka kafa a 1991. Daga baya jami'o'i suka fara ware gurabe ga masu iya biyan kuɗi mai yawa, don su cike giɓin da baitulmali ya bari. Ƙwararrun malamai kuwa suka riƙa ƙaura zuwa Saudiyya da maƙwabtanta, inda albashi yake riƙe gida.

Mu ma abin ya iso ƙofarmu. Da babban ɗanmu ya sami gurbi a ɗaya daga cikin jami'o'in gwamnati, mun raba goro da dabino a layinmu. Ba a yi wata uku ba ya dawo yana ba mu labarin ɗakin karatu da ake sauraron malami ta taga, da littafi ɗaya da mutum goma suke jira. Kuɗin mota, kuɗin buga takardu, kuɗin karin kumallo, duk suka dawo kanmu. A shekararsa ta uku mahaifiyarsa ta kwance awarwaronta na zinare ta kai kasuwa. Ba mu yi da-na-sani ba. Sai dai mun lura cewa duk abin da hukuma ta rage a kasafinta ba ɓacewa yake yi ba; gangarowa yake yi har ya sauka a wuyan hannun wata uwa.

Da Sudan ta fara sayar da man fetur waje a 1999, mun ce an zo wurin. An yi gine-gine, an shimfiɗa tituna. A 2011 Kudu ta ɓalle da kusan kashi uku cikin huɗu na man, kuɗin ƙasa ya karye, albashin malami ya zama abin tausayi. Sannan yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023. A harabar Jami'ar Afirka ɗin nan ɗaliban Nijeriya suka taru kwana da kwanaki suna jiran motocin da za su kai su iyakar Masar. Mu ma muka kulle gida muka fita. An lalata dakunan bincike da na littattafai a jami'o'in birnin da dama. Ko da soja suka sake karɓe Khartum a watan Maris na 2025, abin da aka tara cikin shekaru masu yawa ba zai dawo a dare ɗaya ba.

Abin da ya sa muka rubuto muku ke nan. Mun san Nijar ta buɗe jami'o'i a Maraɗi da Tawa da Damagaram, sannan a 2014 ta ƙara na Agadas da Diffa da Dosso da Tillaberi. A Nijeriya kuwa yajin aikin malaman jami'a ya cinye wata takwas a 2022. Buɗe jami'a abin farin ciki ne, amma idan hukuma ta zo da albishir ɗin sabuwa, mu tambaye ta cikin ladabi: nawa aka ware wa kowane ɗalibi, daga wace taska, kuma shekara nawa za a ɗore? Wani lokaci, da sabon gini gara yaɓe. Masu hali a cikinmu kuma su tuna da waƙafi: shago ɗaya ko gona ɗaya da aka tsayar don ɗaliban unguwa ba ruwanta da fushin wata ƙasa ko faɗuwar farashin mai.

Allah Ya mayar da Sudan cikin aminci, Ya sa wa karatun 'ya'yanmu albarka. Amin.