Hilux ko Prado? Shawarar mai gyaran waya

Jama'a, ni gyaran waya na iya, ba mota ba. Amma da yayana ya tara kuɗin shekaru zai sayi motar hawa tsaunin Mambila, sai ya rasa wacce zai ɗauka tsakanin Hilux da Prado, ya ce in ba shi shawara.

Wallahi Prado ta fi daɗin zama. Hilux kuwa don kaya aka yi bayanta, in babu kaya sai ta dinga tsalle da kai. Sai na yi masa tambayar da zan yi maka in ka zo sayen waya: in ta lalace a Serti, wa ke da kayanta? Ka ga Tecno, ko a ƙauye za ka samu sikirin ɗinta.

Hilux ya saya. Har yau matarsa ni take ɗora wa laifin ciwon bayanta.