Zamanmu Na Sa'a Biyu A Magamar Jibiya

Wannan mako na ajiye zancen girki da ɗinki, zan ba ku labarin tafiyar da na yi zuwa Maraɗi wajen bikin wata 'yar'uwarmu, da abin da ya tsai da mu a bakin iyaka.

Mu 3 ne cikin motar: ni, da Inna yayar mahaifiyata, da Kawu, wanda shi ke da motar, shi ke kuma tuƙi. Motar irin a-kori-kurar nan ce ta Toyota Hilux, mai ja da ƙafa huɗu, tana shan man dizal, wanda direbobinmu su ke kira gas, mutanen Nijar kuwa su ce gazuwal. Mun cika bayanta da kayan gara, da alkaki da nakiya da dubulan waɗanda Inna ta yi kwana 4 tana fama da su. An ce mana bayan la'asar za a yi kamu, ita kuwa Inna ita ce uwar biki.

Daga Katsina zuwa Jibiya wajen mil 30 ne. Mun tashi da hantsi, muka wuce Daddara, muka nufi Magama, inda hanya ta rabu biyu: ɗaya ta shiga Jibiya ta miƙe zuwa Zurmi da Ƙaura Namoda, ɗaya ta yi arewa zuwa Ɗan Isa da Maraɗi. Kun dai san halin da yankin nan ya sha fama da shi na 'yan bindiga, don haka mai hankali da rana ya ke bin hanyar, ba ya yarda magariba ta same shi bisa kwalta.

Tun kafin mu kai Magama sai motar ta fara shessheƙa. In Kawu ya taka totur sai ta yi kamar ta zabura, sa'an nan ta saki jiki. Wata 'yar fitila ta kama a allon gabansa. Da ƙyar ta kai mu gindin wani dogon yaro, kusa da jerin manyan motocin da ke jiran kwastan, nan ta mutu murus. Inna ta yi salati, ta ce, "Shi ke nan, an yi kamu ba mu." Kawu ya ce, "Kwantar da hankalinki, Yaya, na san ciwonta. Ruwa ta sha."

Ashe jiya da dare bai samu gas a gidan man da ya saba saye ba, sai ya sayi jarka guda wajen wani ɗan bumburutu a bakin titi. Ya ce da ni, "Malama, sauko ki riƙe mini kwano. Ke da ki ke koya wa yara kimiyya, yau ga ta a fili." Na ce, "To, Kawu," na ɗaura gyalena a ƙugu na fito.

Bari in ɗan bayyana muku yadda injin nan ya ke, don shi ne kuma cikin injin niƙa da mu ke kai markaɗe kullum. Wani Bajamushe ne mai suna Rudolf Diesel ya ƙago shi, ya kuwa yi aiki sosai cikin 1897. Injin fetur yana da fulogi mai ba da tartsatsi. Na dizal ba shi da wannan. Shi iska ya ke matsewa ƙwarai har ta yi zafi, sa'an nan a fesa mata mai ta wasu 'yan ƙofofi tsukakku kamar tsinin allura, mai ya kama da kansa. To, ƙofar da ta kai wannan ƙanƙanta, ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta ɓata ta, ruwa kuwa tsatsa ya ke kawowa cikin famfon. Saboda haka aka sa mataci tsakanin tanki da inji, makanikai su kan ce filta. Ku dubi yadda mu ke tace gasara da ƙyalle: in dusa ta cika ƙyallen, kome matsarki ba abin da zai sauko. Haka ya faru ga motarmu, mai ya kasa wucewa, inji ya ji yunwa.

Kawu ya buɗe bonet ya nuna mini shi. Gwangwani ne kamar na madarar gari ƙarami, a maƙale jikin ƙarfe, da 'yar waya a gindinsa. Ya fara goge kewayensa da tsumma tas, ya cire wayar, ya kwance wani ɗan murfi a ƙasa. Abin da ya zubo cikin kwanon ya ba ni mamaki. Ruwa ne ja-ja ya kwanta a ƙasa, gas yana yawo a sama, kamar man gyaɗa bisa romo. Ruwa ya fi gas nauyi, shi ya sa ya ke taruwa a gindin gwangwanin, in ya yi yawa ya ɗaga wani ɗan abu mai iyo, fitilar nan ta kama.

Allah ya taimake mu Kawu tsohon direba ne, ba ya tafiya ba sabon filta a ƙarƙashin kujera. Amma tsohon ya ƙi kwancewa. Sai da wani karen mota ya aro mana sifana mai ɗamara wajen maigidansa, sa'an nan ya motsa. Kawu ya cire abin iyon daga tsohon ya ɗaura wa sabon, ya shafa ɗan gas a zoben roba na baki, ya murɗa shi da hannu kawai, don in aka matse da ƙarfe zoben ya kan lalace. Yaron ya ce a cika sabon da man jarka tukuna don a huta wahala. Kawu ya ce, "A'a, samari. Man da ba a tace ba ne zai wuce kai tsaye cikin inji."

Sauran aikin ni na yi shi, kuma ina alfahari da haka. Akwai wani maɓalli baƙi bisa kan filtan, shi ne famfon hannu. Injin dizal ba ya tashi in da iska cikin bututunsa, sai an kore ta. Kawu ya sassauta wani ɗan ƙusa, ni kuwa na yi ta dannawa, kumfa na fita, har mai ya fito zalla. Ya ɗaure ƙusan, na ci gaba har maɓallin ya yi tauri. Mata masu tallan fura da dafaffiyar gyaɗa suka kewaye mu suna kallo, ɗaya ta ce, "Ikon Allah, yau ga mace makanika!" Ban ga abin mamaki ba. Hannun da ya iya kwance keken ɗinki ya sa masa mai ya iya wannan. Kawu ya yi ki sau 2, a na uku ta tashi. Ya duba ko'ina bai ga yoyo ba.

Muka wanke hannu da omo, muka yi azahar, muka nuna katin shaida da na allurar rigakafi, aka ɗaga mana shinge. Ina zaune ina tunanin iyakar nan. Ingila da Faransa ne suka shata ta, ma'aikatansu suka bi ƙasa suna kafa alamu daga 1906 zuwa 1908. Maraɗi kuwa Katsinawa ne suka zaune ta bayan jihadi ya ci Katsina cikin 1807, har yau sarautarta Sarkin Katsina a ke ce mata. Gulbin da ya ratsa ta Jibiya shi ne ya gangara Maraɗi, bai nuna wa kowa kati ba. An rufe iyakar cikin Agusta 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilu 2022. Aka sake rufewa cikin Agusta 2023 bayan juyin mulkin Nijar, aka buɗe cikin Maris 2024. Inna ta ce a rufewar farko an yi rasuwa 2 cikin danginmu na can, ba ta samu zuwa gaisuwa ba. Daga nan ta yi shiru har Ɗan Isa.

A Ɗan Isa Kawu ya sake tsayawa ya zubar da ruwan da ya taru, domin sauran man nan yana cikin tanki, sai a Maraɗi aka sauke tankin aka wanke. Mun shiga gari ana kiran la'asar, Inna ta sauka tun motar ba ta gama tsayawa ba.

Tsohon filtan na roƙi Kawu ya bar mini. Da na komo na sa aka yanka shi da zarto, na kai aji. Takarda ce a ciki, an naɗe ta kamar maficin biki, ta yi baƙi ƙirin da laka. 'Yan matan aji 5 suka yi ta miƙa wa juna, sai wata ta ɗaga hannu ta ce injin markaɗen gidansu ma ya kwana biyu yana irin wannan shessheƙa, za ta gaya wa babanta ya duba.