Ƙwannafi da Tuwon Ƙarfe Goma

Na shekara biyu ina kiran abin olsa, kamar yadda kowa a ofishinmu ke kiran duk wani zafin ƙirji. Sai da na fara farkawa tsakar dare da tsami a baki, murya a dishe, sannan na ga likita. Ya ce ƙwannafi ne, kuma wanda ke zuwa sau biyu a mako ya wuce a kau masa da kai.

Inda bututun abinci ya haɗu da ciki akwai wata tsoka mai tsukewa kamar bakin jaka. Idan ta saki, ruwan ciki mai tsami sai ya hauro ya ƙona hanya. Cikakken ciki da kwanciya ke ba shi dama, ni kuwa tuwona na ƙarfe goma ne, da yaji da man shanu, daga tabarma sai gado.

Na mayar da tuwon bayan magariba, domin a sami awa 3 kafin barci. Na sa bulo ƙarƙashin ƙafafun gado ta wajen kai, ya ɗaga kamar santimita 15. Tara matashi lanƙwasa mutum kawai yake yi. Goro ya fi ba ni wuyar bari. Jiƙon kanwar gwaggona yana lafar da shi nan take, amma gishirinsa bai dace da mai hawan jini irina ba.

Likitan ya ja min kunne: in abinci ya fara maƙalewa, ko bayan gida ya yi baƙi, ko zafin ya gangaro hannu da gumi, kada in jira wayewar gari.